Chumbe: ɗakuna bakwai da ke riƙe da hurumin teku

Idan mutum ya tashi daga gaɓar da ke kudu da birnin Zanzibar a ƙaramin jirgin ruwa mai inji, kafin ya cika awa guda zai iske wani ɗan tsibiri mai suna Chumbe. Tsakaninsa da birnin kimanin kilomita 12 ne. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita guda, faɗinsa kuwa wajen mita 300. Abin da ido ke fara hangowa shi ne wata doguwar hasumiya mai fitila da aka gina a 1904, zamanin da sarakunan Zanzibar ke mulki ƙarƙashin ikon Turawan Ingila, don jiragen da ke kai da komo tsakanin Zanzibar da Darussalam su ga hanya da dare. A gindinta akwai ɗan masallaci na masu kula da fitilar, waɗanda 'yan asalin Indiya ne. In ka cire su, Chumbe bai taɓa zama gari ba, saboda ba shi da ruwan sha. Ƙasarsa tsohon murjani ne da ya bushe ya zama dutse mai huji-huji kamar soso. Ruwan sama na sauka yana zurarewa, in ka yi haƙa kuma gishiri za ka tarar.

Rashin ruwan nan shi ne tushen labarin. Da Chumbe na da rijiya ko guda ɗaya, da tuni akwai ƙauye a kansa, da mai gari, da maƙabarta, da jikokin da za su ce nan kakanninmu suka yi su. Da kuwa abin da ya faru daga 1991 zuwa yau bai yiwu yadda ya yiwu ba.

Dutsen da ke da rai

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, jan dutsen ado mai tsada. Wanda ke cikin tekun Zanzibar ɗan'uwansa ne, ko da yake ba shi ake sarƙa da shi ba. Wasu ƙananan halittu ne masu zaman cunkoso, yawancinsu ba su kai ƙwayar masara ba, kowace tana gina wa kanta ɗan gida na farar ƙasa. In ta mutu gidan ya rage, na bayanta su ɗora nasu a kai. Haka ake yi shekara ɗari bisa ɗari har a sami tudu a ƙarƙashin ruwa, wani mai rassa kamar ƙahon barewa, wani shimfiɗe kamar faifai, wani dunƙule kamar tukunya a kife, ga koguna ga lunguna. Mai dunƙulen nan a shekara guda da ƙyar yake ƙaruwa da santimita ɗaya. A lungunan kifi ke hayayyafa, a nan ƙanana ke ɓuya har su yi ƙwari. Murjani garin kifi ne, ranar da ya rushe su watse.

A cikin jikin halittun akwai wani gansakuka mitsitsi da ido ba ya gani, shi ke haɗa musu abinci da hasken rana, shi ke ba su launi. Shi ya sa murjani ba ya shiri da ruwa mai laka ko mai ƙazanta, ba ya kuma jure zafin da ya wuce saninsa. Mai karatu ya riƙe wannan, don duk tsarin ginin Chumbe a kansa ya rataya.

A bakin yawancin mutanen gaɓar, murjani "mawe na miamba" ne da Sawahili, wato duwatsu kawai. Wanda ya ɗauki abu dutse kuwa ba ya jin komai in ya sakar masa anga, ko ya farfasa shi da sanda don ya koro kifi cikin taru, ko ya haƙo shi ya ƙona ya yi farar ƙasar gini. Tsohon birnin Zanzibar kansa, wanda mutanensa ke kira Mji Mkongwe, da dutsen murjani aka gina shi. Mafi muni ita ce nakiya. A jefa ta tsakiyar garken kifi, a kwashe wanda ya taso, wanda ya nutse ya tafi a banza, gidan da aka shekara ɗari ana ginawa ya koma tsakuwa cikin ƙiftawar ido. Gaɓar Tanzaniya ta sha fama da su da nakiya tun shekarun 1960.

Murjanin da ke yammacin Chumbe ya tsira daga wannan ne bisa sa'a. Yana bakin hanyar manyan jiragen ruwa, inda ba a so kwalekwale ya tare hanya, sannan sojojin da ke Chukwani a gaɓar da ke fuskantarsa sukan yi atisayen harbi ta wannan shiyya. Ga shi a lokacin masunta kaɗan ne ke da inji. Ba wanda ya zauna ya ce a kare wurin. Tsoro da nisa ne suka yi gadinsa.

Baƙuwar da ta nemi hayar tsibiri

Sibylle Riedmiller Bajamushiya ce da ta daɗe tana aikin raya ilimi a ƙasashe masu tasowa, ciki har da Tanzaniya, kuma ma'abociyar ninƙaya ce. A farkon shekarun 1990 ta ga murjanin Chumbe, ta kuma lura cewa yaran Zanzibar, waɗanda aka haifa teku na kewaye da su, ana iya gama makaranta da su ba a taɓa gaya musu murjani na da rai ba. Abin da ta fara tunani shi ne wurin da za a riƙa kai 'yan makaranta su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji. To amma kafin a nuna wa yaro abu sai abin yana nan, kafin ya kasance yana nan kuma sai an yi gadinsa, mai gadi kuwa albashi yake ci.

Gwamnati ba ta da kuɗin, ba ta ma sa hurumin teku a lissafinta ba. Hankalinta na kan masu zuba jari, domin kanumfari, wanda Zanzibar ta dogara da shi shekaru aru-aru, farashinsa ya faɗi a kasuwar duniya, an juya ga yawon buɗe ido. Sai Riedmiller ta shigo ta ƙofar da ke buɗe: ta zo a matsayin mai zuba jari. A 1991 ta gabatar da tsarinta, a 1992 aka yi wa kamfanin rajista da sunan Chumbe Island Coral Park, wanda aka fi sani da CHICOP. Abin da ta ce za ta yi shi ne ta gina ɗan masauki, kuɗin da ya shigo ya biya gadi da bincike da karantarwa, ba a fitar da riba a raba ba.

Jami'an da aka kai wa takardar sun saba da mai cewa zai gina otal mai ɗaki ɗari ya ɗauki ma'aikata ɗari biyu. Ga wata ta zo tana neman tsibiri sukutum don ta gina 'yan bukkoki ta hana kamun kifi. Doka ma ba ta san irin wannan abu ba, sai a 1996 Zanzibar ta yi dokar muhalli da ta ba da damar miƙa wa wani mai zaman kansa kula da wurin da aka keɓe. Aka shafe kusan shekara huɗu ana zarya tsakanin ma'aikatu da hukumomi bakwai. Daga ƙarshe aka ba kamfanin hayar fili mai faɗin kusan hekta biyu da rabi na shekara 33 don gini. A 1994 gwamnati ta ayyana murjanin yamma, kimanin hekta 30, a matsayin hurumin da ba a kamun komai a cikinsa, ta kuma rufe dajin tsibirin. Mallakar ƙasa da ruwa ta ci gaba da zama ta gwamnati. Kamfanin riƙo aka ba shi bisa yarjejeniya, ta shekara 10 ga murjani wadda ake sabuntawa, ta shekara 33 ga daji.

Ba wannan ne karon farko da aka rubuta hurumin teku a Tanzaniya ba. Tun 1975 aka keɓe wasu tsibirai a bakin Darussalam, irin su Bongoyo da Mbudya, amma shekaru da yawa a takarda kawai suka tsaya, ba jirgin sintiri ba mai gadi. Babban gandun teku na tsibirin Mafia, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 800, sai a 1995 aka kafa shi. Abin da Chumbe ya zo da shi sabo shi ne mutum a wurin, dare da rana.

Masu gadi ba bindiga

A nan, a ganina, zuciyar lamarin take. Tun kafin a kammala sa hannu a takardu aka zagaya ƙauyukan masunta da ke gaɓar da ke kallon tsibirin, aka zauna da mutane tare da shehohinsu (sheha a Zanzibar kamar dagaci yake a wurinmu), aka nemi su ba da mutanen da za a ɗauka aiki. Aka ɗauki masunta biyar. Masu aikin sa kai daga waje suka koya musu yadda murjani ke rayuwa, da sunayen kifaye, da Turanci, da taimakon gaggawa, da yadda ake cika littafin rahoto kullum. Suka tare a tsibirin suna karɓa-karɓa, tun ba a yi ginin komai ba.

Ba su da makami, ba su da ikon kama kowa. In kwalekwale ya shigo hurumi, sai su tuƙa su same shi, a gaisa, su yi bayani, su roƙi mai shi ya fita, su rubuta abin da ya faru. Iyakar ƙarfinsu ke nan. Wanda ya saba ganin ma'aikacin gandun daji da bindiga a kafaɗa zai ce wannan wasan yara ne, kuma shekarun farko sun kusa gaskata shi. An yi ta kutse, an yi barazana, wasu suka riƙa zuwa a ƙungiya da gangan don su gwada ko dokar na da haƙori. Sau da yawa in an kai ƙara hukuma ba a ga wani mataki ba.

Abu uku suka juya al'amarin a hankali. Na farko, mai gadin masunci ne. Ya san daren da duhu ya fi kyau da su, ya san lokacin da ruwa ke janyewa, ya san dabarar da za a yi masa don shi ma ya taɓa yin ta. Kifi na ganinka, mai jar koma. Kuma wanda ya zo kutsen ya san shi, ya san mahaifinsa, wataƙila sahu ɗaya suke bi ranar Juma'a. Kunyar ido ta yi aikin da sanda ba za ta yi ba.

Na biyu ita ce hujjar da suke kafawa, wadda masunci ke iya gwadawa da komarsa. Kifin da aka bari ya girma ƙwansa ya ninka na ƙarami nesa ba kusa ba, kuma ruwa ba shi da katanga. In hurumi ya cika sai ya tumbatsa, manya su fita neman wuri, igiyar ruwa ta kwashi ƙwai da 'ya'ya ta kai su inda aka halatta su. Masu bincike sun liƙa wa kifaye alama a cikin hurumin, daga baya aka kama wasunsu a waje. Wanda ya san Argungu ba zai yi mamaki ba: giwan ruwan da ake fitowa da shi daga Matan Fada ranar biki ya kai wannan girma ne saboda an hana taɓa wurin sauran kwanakin shekara. Bambancin shi ne hurumin Chumbe ba shi da ranar buɗewa, amfaninsa a gefensa ake kwasa. An kuma yi hikimar barin gabashin tsibirin a buɗe ga masunta, ba a rufe musu ko'ina ba.

Na uku ba ya cikin tsarin farko, amma ina jin ya fi sauran tasiri. A wancan lokaci babu wata hukumar ceto da masunci zai kira in teku ta juya masa baya. Iskar kusi, wadda ke kaɗawa daga kudu tsakiyar shekara, takan kifar da ngalawa, kwalekwalen nan mai fukafukan katako a gefe biyu, ko ta yaga ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ko inji ya mutu ruwa ya ja jirgi. Masu gadin Chumbe na da jirgi mai inji, da rediyon sadarwa, da idon da ba ya barci. Suka zama su ne masu fita ceto. Cikin shekaru sun tsamo ɗaruruwan mutane, sun ba su ruwa da abinci da wurin kwana, sun gyara musu jirgi. Mutumin da ya tsamo ɗanka daga teku da tsakar dare, da wuya ka koma gobe ka zuba taru a inda ya roƙe ka ka bari. Littafin rahoton ya nuna kutse ya yi ƙasa ƙwarai bayan shekarun farko, ko da yake bai taɓa ƙarewa ɗungurungum ba.

An kuma kafa kwamitin ba da shawara a 1995, wanda ya haɗa wakilan ƙauyuka, da ma'aikatun gwamnati, da Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Darussalam da ke da mazauni a Zanzibar.

Gini a inda ba a son datti

A 1998 aka buɗe wa baƙi. Ɗakuna bakwai ne kacal, kuma har yau ba a mayar da su saba'in ba. Kowane ɗaki an yi masa doguwar jinka ta ganyen kwakwa mai gangara, wadda aikinta tara ruwan sama. Ruwan ya bi ta matatar yashi da tsakuwa, ya sauka a tankin da ke ƙarƙashin daɓen ɗakin, a ajiye shi har rani. Da famfon hannu ake tura shi sama, rana ta ɗumama shi, baƙo ya yi wanka. Ruwan wankan ba ya gangarawa teku, ana bi da shi ta wani kwando na tsirrai masu shanye sabulu da datti. Bayan gida kuwa salga ce ta zamani da ba ta shan ruwa ko ɗigo, abin da aka yi ya bushe ya zama taki. Wuta ta hasken rana ce. Ba na'urar sanyaya ɗaki, an fuskantar da ginin ne ta yadda iskar teku za ta ratsa shi. Gidan mai kula da fitila na dā aka gyara ya zama wurin cin abinci da ajin karatu.

Wani zai ɗauka duk wannan ƙawa ce don a burge Bature. Dole ce ta sa. Ƙasar tsibirin soso ce, duk abin da aka zuba mata sai ya isa teku. Ƙazantar ɗan Adam taki ce, taki kuwa ciyawar ruwa yake haifarwa, ita kuma ta lulluɓe murjani ta tare masa rana ta kashe shi. Otal irin wanda aka saba, mai masai na ruwa da wurin ninƙaya da injin wuta, da ya cinye abin da baƙin suka zo gani cikin 'yan shekaru. Ko a ruwan ma akwai ƙa'ida: ba a nutso da tukunyar iska sai don bincike, baƙo yana iyo ne a sama da tabarau mai rufe ido da hanci da ɗan bututun numfashi a baki, mai gadi na tare da shi, ba taɓawa ba ɗauka. Adadin masu shiga tsibirin a yini ma an ƙayyade shi, bai kai ashirin ba.

Daji ma an yi masa aiki. A 1997 aka kawar da ɓerayen da jiragen ruwa suka kawo tun zamanin masu fitila. Daga baya aka kawo 'yan ƙalilan na wata ƙaramar gada da ta kusa ƙarewa a duniya, wadda ake samu a Zanzibar da wani yanki na gaɓar Kenya, don ta sami mafaka daga mafarauta. Akwai kuma ƙaguwar kwakwa, wadda nauyinta kan kai kilo huɗu, tana hawa bishiya, tana fasa kwakwa da ƙarfafan hannuwanta na gaba. A tsibiran da mutane ke zaune an cinye ta kusan tas, a Chumbe kuwa da dare ake fita da tocila kallonta.

Lissafin kuɗi

Kafa wurin ya ci sama da dala miliyan guda, ya ninninka abin da aka ƙiyasta da farko saboda jinkirin takardu da wahalar kai kayan gini tsibirin da ba shi da mashigin jirgi. Kaso mafi tsoka daga aljihun mai kafawar ya fito, saura daga ƙananan tallafi na masu ba da agaji da gumin masu aikin sa kai. Daga wajajen 2000 kuɗin baƙi ya fara ɗaukar nauyin tafiyar da wurin: albashin ma'aikata kimanin arba'in, yawancinsu 'yan ƙauyukan kusa, da man jirgin sintiri, da sa ido kan lafiyar murjani, da zuwan 'yan makaranta. Ko rabin ɗakunan ba su cika ba ana iya biyan masu gadi. Kwana guda a 'yan shekarun nan ya haura dala 200 ga mutum ɗaya, wato mutum kaɗan ne ke biya da tsada maimakon taro su biya da araha.

Hanyar ba ta kasance shimfiɗaɗɗiya ba. Hukumar haraji kallon otal take yi wa kamfanin, ba ta ga dalilin sassauta masa don yana biyan masu gadin ruwan gwamnati ba. Dillalan yawon buɗe ido kuma sun fi son manyan otal inda la'adarsu ke da kauri. Sai wurin ya dogara da intanet tun tana sabuwa, da kuma lambobin yabo da suka yaɗa sunansa, ciki har da ta Global 500 da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi a 2000.

Abin da aka fara mafarkinsa bai ɓace a cikin lissafi ba. Ana ɗauko 'yan makarantun Zanzibar da malamansu kyauta, a zagaya da su daji, a sa musu rigar da ke hana nutsewa, su riƙe taya mai yawo a kan ruwa, su tsoma fuska. Da yawansu, musamman 'yan mata, ranar ce farkon shigarsu teku. Dubbai sun zo ta wannan hanya. Baƙon da ya biya dala 200 shi ya biya wa aji guda kuɗin jirgi, ko ya sani ko bai sani ba.

A wannan ɗan wuri an ƙidaya nau'in murjani mai tauri kusan 200, wato kusan kashi 90 cikin ɗari na duk waɗanda aka sani a gabashin Afirka, da nau'in kifi sama da 400. Kifayen sun fi na wuraren da ake su girma da yawa.

Inda samfurin ya tsaya

Ana yawan ɗaga Chumbe a taruka a ce ga abin koyi. Ina da ja a kan hakan. Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane hurumi ita ce wa aka hana, kuma a Chumbe amsar ta zo da sauƙi: ba a tashi kowa daga gidansa ba, ruwan da aka rufe kuma dama ba kowa ke shigarsa ba. Irin wannan sa'a ba ta da yawa.

A arewa maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, akwai tsibirin Mnemba, wanda aka ba da hayarsa ga masauki na masu hannu da shuni. Masuntan yankin Matemwe, waɗanda suka saba yada zango a can, aka yi musu iyaka da shi, kuma an daɗe ana gunaguni kan yadda ake raba kuɗin shiga da ake karɓa daga baƙi. Murjanin da ke kewaye kuwa kullum jiragen 'yan yawon buɗe ido ne cunkushe a kansa, wannan ya taka wancan ya karya. Suna ɗaya ake kiran abin da ake yi a wuraren biyu, amma sakamakon ya bambanta.

Sai wani ɗan tsibiri da ke yammacin Pemba, ɗaya babban tsibirin Zanzibar, wanda sunansa Misali (Bahaushe zai yi murmushi, amma sunan daga "msala" ya fito, wato abin sallah, domin mutanen wurin na da labarin cewa Annabi Halliru ya taɓa yin sallah a kansa ba tare da shimfiɗa ba). Misali abincin ƙauyuka da dama ne, ba yadda za a yi a rufe shi a miƙa wa kamfani. An keɓe shi a 1998, aka hana su a ɗan yanki, aka bar saura bisa sharaɗi, amma masu nakiya ba su saurari dokar gwamnati ba. Abin da ya ratsa su shi ne aikin da Fazlun Khalid da gidauniyarsa ta Musulunci mai kula da muhalli da ke Birmingham suka yi tare da ƙungiyar agaji ta CARE daga ƙarshen shekarun 1990. Suka zauna da limamai da malaman islamiyya da shugabannin masunta, aka yi nazarin matsayin ɗan Adam na halifa a bayan ƙasa, da mizanin da Allah ya daidaita halitta a kai, da ɓarnar da Suratur Rum ta ce ta bayyana a tudu da teku saboda aikin hannun mutane. Maganar ta hau mumbari, masunta da yawa suka ajiye nakiya. Chumbe ya sayi gadi da kuɗin baƙo, Misali ya nemi nasa a zuciyar mai kamun. Kowane da irin ramin da ya dace da shi.

Akwai kuma maganar ƙanƙanta. Hekta talatin a teku kamar ɗigon tawada ne a tafki. Tumbatsar da take yi na amfanar masuntan da ke kusa, ba za ta ciyar da Unguja ba. Kuma duk da ma'aikatan 'yan ƙasa ne, tunanin da jarin daga waje suka zo, ɗan Zanzibar mai matsakaicin samu ba zai iya kwana a ɗakunan ba.

Rauni mafi girma ya fito fili a 2020. Da cutar korona ta tsayar da jiragen sama, ɗakuna bakwai suka zama wayam, kuɗin shiga ya yanke kamar an rufe famfo. A daidai lokacin ne kuma dubban ma'aikatan otal a Zanzibar suka rasa aiki, da yawa suka koma teku neman abin miya, matsi a kan hurumin ya ƙaru. Wato ranar da aka fi buƙatar mai gadi ita ce ranar da babu kuɗin biyansa. Sai da aka yi yekuwar neman gudummawa a intanet, aka nemi tallafin gaggawa, kafin aka riƙe masu gadi a bakin aiki har baƙi suka fara dawowa.

Sauran abokan gaba ba su san iyakar hurumi ba. Daga 2004 wata tauraruwar teku mai ƙaya a jiki, wadda ke cin murjani, ta yi ambaliya a yankin, masu gadi suka riƙa tsince ta da hannu har dubbai. Wannan aƙalla ana iya tsincewa. Zafi kuwa ba a tsince shi. In ruwa ya ɗara zafin da aka saba da digiri ɗaya kacal na 'yan makonni, murjani sai ya kori gansakukan da ke ciyar da shi, ya yi fari fat kamar ƙashi, in zafin ya daɗe ya mutu da yunwa. Hakan ta faru a 1998, shekarar da aka buɗe masaukin, ta halaka murjani mai yawa a yammacin Tekun Indiya. Ta sake faruwa a 2016, sannan a 2024 aka ayyana karo na huɗu da abin ya game duniya. Murjanin Chumbe ya fi na maƙwabta saurin farfaɗowa bayan 1998, domin kifayen da ke kiwon ciyawar ruwa suna nan da yawansu, suna share wuri sabon murjani ya sami inda zai kama. Amma farfaɗowa na son shekaru goma ko fiye, tazarar da ke tsakanin zafi da zafi kuwa sai raguwa take yi. Baƙon da kuɗinsa ke biyan mai gadi, jirgin sama ne ya ɗauko shi daga Turai, hayaƙin jirgin kuma na cikin abin da ke ɗumama ruwan. Tun ƙarshen shekarun 1990 akwai na'urar auna zafi da aka dasa a cikin murjanin Chumbe, kuma kowace shekara watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwan ya fi ɗumi, su ake fi zuba wa ido.